Ranar da Jatau Ya Kai Ragon Suna a Mota

A da, in ka tambayi wanda ya fi kowa sanin mota a Madarumfa, Jatau mai amalanke za a nuna maka, ana ƙunshe dariya. Bai taɓa riƙe sitiyari ba, bakinsa ne kawai ya iya tuƙi. Kullum da hantsi, in ya sauke lodin taki a lambunan bakin tabki, sai ya ɗaure bijimansa biyu a inuwar dogon-yaro kusa da teburin mai shayi, ya miƙe ƙafa, ya shiga yi wa direbobin gari gyara. Wannan bai iya shan kwana ba, wancan hannunsa rawa yake yi, wanda ya wuce ɗazu kuwa, da shi ke ba da permi, takardar izinin tuƙi, da tuni ya ƙwace nasa.

"Wai mi ne ne abin wuya ga mota?" in ji shi. "Ƙarhe na hwa, bai da rai, bai da ƙaho. Inda ka juya shi nan shika bi. Ni da nika juya Ango da Ɗan Tauri tun suna maruƙa, dabbobi masu zuciya, ni za a ce ma tuƙi?"

Ango da Ɗan Tauri su ne bijiman. Ango fari ne mai tafiyar ƙasaita, Ɗan Tauri ja ne mai taurin kai irin na ubangidansa. A kan amalanke kam ba a ƙwace wa Jatau, gwani ne. In ya kaɗa harshe sai su tashi. In ya ja igiya zuwa ƙirjinsa, ya toƙare ƙafafu a katakon gaba ya ce "Hoo!", sai su tsaya cak. In manya suka gifta ya saki igiya ya ɗaga hannu biyu ya kwashi gaisuwa, shanu na ta tafiyarsu. In gajiya ta kama shi ya rufe fuska da malfa ya yi barci, su kai shi har ƙofar gida.

Abin da ba mu sani ba, sai matarsa Inde, shi ne Jatau na tsoron mota kamar mutuwarsa. Duk tsawon rayuwarsa bai shige ta ba sai dole ta yi dole, kuma daga tasha zuwa tasha idonsa a rufe yake, yana damƙe da gefen zanen Inde. In an tambaye shi ya ce wuridi yake yi, ba ya son kallon duniya ya raba masa hankali.

Ana nan sai abu biyu suka faɗo masa a mako guda. Ƴarsa Bilki, da ke aure a wani ƙauye can bayan tabki, ta haifi ɗa namiji. Jatau ya aika wa baban mijinta, Malam Musa, cewa kada ya kuskura ya sayi rago, shi yana da wanda ya kiwata da hannunsa, duk ƙasar Maradi babu irinsa. Wannan kam gaskiya ne, ragon ya kai a yi fahariya da shi. Washegari kuma ɗansa Mubarak, da ke sana'ar motoci a Kwatano, ya aiko masa da wata shuɗiyar mota mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira bashe. Ya bugo waya ya ce, "Baba, ka huta da shanun nan haka. Ka je oto-ekol, makarantar tuƙi, a Maradi a koya maka, ka karɓi permi."

Unguwa ta taru ana ta shafa mota ana sa albarka. Jatau na tsaye yana washe haƙora, amma bai matsa kusa da ita ba.

A cikin taron akwai Gwamna, ɗan kawunsa, taubashinsa da ba ya raga masa ko a gidan makoki. Gwamna ya daɗe yana jan mota tsakanin Maradi da Katsina ta Ɗan Issa, kafin ciwon gwiwa ya mayar da shi noman zogale.

"To, bawana," in ji Gwamna, "ga ƙarhen da bai da rai ya iso. Yaushe za mu ga aiki? Ko lekol ɗin za ka, a zamnar da kai bisa benci da gemunka?"

"Ni? Lekol?" Jatau ya daki ƙirji. "Ku shaida, jama'a. Ran sunan jikana, ni da hannuna zan kai rago cikin motar ga, Inde na zamne gaba. Shanu ko, ranar za mu yi sallama. Ina Isa dillali? Ka zo da sassahe ka kwashe su har amalanken, ka kai kasuwa."

Isa dillali ya ce ya ji. Mutane suka yi tafi. Inde da ke leƙe ta kan danga ta yi salati a hankali ta koma ciki.

Gwamna ne ya ɗauki nauyin koyarwa, ya ce ko kyauta ne zai yi, don irin wannan kallo ba a samunsa kullum. Ya ja motar zuwa filin ƙwallon lekol, wato makarantar yara. Jatau ya bi ta a ƙasa, ya ce yana so ya ga takunta daga baya, yadda ake duba sa kafin a saya. Da suka isa ya kewaye ta, ya ƙwanƙwasa tayoyi, ya leƙa ƙarƙashinta, amma in ya zo ta bayanta sai ya yi nesa, kamar mai gudun harbi. Ya tofa addu'a a kowace ƙofa. Ya ce rana ta yi zafi, a bari ta yi sanyi. Da ta yi sanyi ya ce la'asar ta kusa. Sai da Gwamna ya tura shi ciki ya rufe ƙofa.

"Dubi ƙasa," in ji Gwamna. "Na hagu ambirayaj, shi kaka takawa in za ka sa bitas, wato giya. Na tsakiya birki. Na dama wuta."

Jatau ya duba, ya ƙirga da yatsa. "Ƙahwa biyu gare ni, abin takawa ukku. Wanda ya ƙera abin ga bai taɓa ganin mutum ba?"

"Murɗa makulli, ka bar surutu."

Ya murɗa. Inji ya yi gurnani, Jatau ya zabura har hularsa ta daki rufi. Da ya ga bai mutu ba, sai ya gyara zama, ya riƙe sitiyari da yatsu kamar igiya, ya kaɗa harshe. Mota ba ta motsa ba. Ya ƙara kaɗawa.

"Mi kaka yi haka?"

"Ce mata nika yi ta tashi."

"Da ƙahwa aka yi mata magana, bawan Allah! Saki ambirayaj sannu sannu."

Jatau ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya kamar ya taka garwashi. Mota ta yi tsalle irin na kwaɗo ta mutu. Aka sake, ta sake tsalle. Haka suka wuni suna ƙetare fili da tsalle, goshin Gwamna ya gaisa da gilashi har ya yi ƙulu. Da Jatau ya fito, rigarsa sharkaf, sai ya dubi ƴan kallo ya ce, "Ba a hore ta ba. Baƙon hannu taka ji. Yau dai gwajin tsalle munka yi, kuma ta ci."

Bayan kwana biyu mota ta yarda ta yi tafiya. Gwamna ya ce a ɗan fita bakin fili a zaga ta bayan lekol. Suna tafe sannu sannu, Jatau ya fara jin kansa, sai ga Liman ya ɓullo da sandarsa zai je ta'aziyya. A garinmu ba a wuce babba haka nan. Jatau ya saki sitiyari, ya zuro kai da kafaɗu ta taga, ya dunƙule hannu biyu ya ɗaga.

"Allah shi gafarta Malam! An wuni lahiya? Ya iyali?"

Mota ta ga an sake ta, ta nufi inda take so, wato inda Liman yake. Liman, wanda tun muna yara ba mu taɓa ganin ya ɗaga ƙafa da sauri ba, ranar sai ga shi a kan katangar lekol, carbi a baki. Mota ta wuce ta ƙarƙashinsa ta hau tabarmin da Hasiya mai suyar kifi ta shanya barkono, ta murje shi tas, kafin Gwamna ya fizgo birkin hannu. Ƙurar barkono ta tashi. Unguwa guda ta kama atishawa, har awaki.

Hasiya ta fito da matsami a hannu, hawaye na zuba. "Baba Jatau! Barkonon nawa ka zo ka taka mani?"

"Daka na yi maki, ɗiyata, atsha! Kyauta. Da turmi sai ki kwana kina yi."

"Da ƙasa da kashin awaki zan zuba ma mutane bisa kihi?"

"Wa ya ce ka saki sitiyari?" Gwamna ya daka masa tsawa yana murza ido.

"In wuce Liman ban gaishe shi ba? Cikin daji anka haihe ni?"

Liman ya ciro carbi daga baki, ya yi atishawa, ya ce daga kan katanga, "Malam Jatau, daga yau na yahe maka gaisuwa, duniya da lahira. In ka gan ni, riƙe abinka da hannu biyu."

Darasin komawa baya a ƙofar gidansa aka yi shi, don Gwamna ya ce gara ɓarnar ta tsaya a gida. Ya nuna masa madubi ya ce ya riƙa dubawa. Jatau ya duba, ya ga wani tsoho a firgice yana zare masa ido, ya kau da kai bai ƙara kallon wajen ba.

"Ni ban taɓa tahiya da baya ba," in ji shi. "Ango ma bai yi. Wanda ya san inda za shi, mi za shi nema baya?"

"Taka dai sannu."

Ya taka, ba sannu ba. Mota ta yi baya a guje, ta ratsa danga, ta daki rumbun hatsi. Rumbu ya yi ɗan tunani, sa'an nan ya kwanta a gefe, ya amayar da dammunan gero tsakar gida. Kafin a ce wani abu, awakin unguwa sun sami labari. Inde ta fito daga madafa da muciya, ta dubi rumbu, ta dubi mijinta.

"Daman ina so in sake mashi wuri," in ji Jatau. "Rana shika tare ma kaji."

Daga ranar gari ya shiga taitayinsa. Da an ji gurnanin shuɗiyar bashe sai ka ji ana "Jatau ya hito!" Uwaye su kwashe yara, masu shanya su naɗe tabarmi, mai shayi ya ja teburinsa bayan bishiya. Shi kuwa gogan in ya zo majalisa cewa yake girmamawa ce, haka ake buɗe wa manyan direbobi hanya.

Ana gobe suna, da almuru, Inde ta fito zuba wa kaji ruwa sai ta ji magana a turke. Jatau ne tsaye tsakanin bijimansa, ya ɗora goshi a wuyan Ango, yana sosa wa Ɗan Tauri gindin ƙaho. Muryarsa ba irin ta majalisa ba ce.

"Ku ba ku taɓa kai ni cikin rumbu ba," yake ce musu. "Bakina ya ja mani, ya ja maku. Wallahi in na ji ta yi gurnani, hanjina kaɗawa sukai."

Tausayi ya kama Inde, haushi ma ya kama ta. Ta ce, "Malam, ka bar Gwamna shi ja motar, kai ka zamna gehe."

Jatau ya yi firgigit ya hau duba kofaton Ango. "Kaska nika cire masu. Kuma na yi magana gaban mutane."

"Tun ina amarya kaka magana gaban mutane, ba wadda ta kashe ka. Wagga ko tana iyawa. To ko shanun ka bari."

"Isa na zuwa da sassahe."

"Shi ke nan. Abu guda nika roƙo, ka bar idonka buɗe."

"Wa ya ce maki ruhe ido nika yi?"

"Zanena da ka yaga bisa hanyar Maradi, shi ya hwaɗa mani."

Gari na wayewa Isa dillali ya zo ya ɗaura wa bijimai amalanke. Jatau ya ƙi kallon wajen, ya yi ta goge gilashin da ba shi da datti. Aka ɗora rago a baya aka ɗaure. Inde ta sha sabuwar lufaya ta shiga tsakiya, da ƙwaryar goro a cinya. Gwamna ya zauna bakin ƙofa, hannunsa ɗaya a kan marfin, don ko ta kwana. Mutanen gari sun fito kallo, amma kowa ya nemi tudu, wasu kan katanga, wasu kan bishiya.

Abin mamaki, mota ta tashi ba tsalle. Ta bi hanya tiryan-tiryan, a hankali ƙwarai, har wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta wuce su tana yi musu sannu. Da suka fita gari ba a taka kowa ba, sai bakin Jatau ya dawo.

"Kun gani? Na ce maku horo taka so. Gwamna, sa mani bitas na biyu. A'a, sa na ukku, surukaina na jira."

"Bar shi ga na biyu, bawana."

"Wa ad direba, ni ko kai?"

Hanyar ƙauyen tana gangarawa ta bi gefen tabki, inda lambuna suke, inda masunta ke fitowa da kamun asuba, mata na jiran saye. Suna kan gangarar sai ga wata babbar kamiyo, motar ɗaukar kaya, ta taho daga gaba, ta danna oda mai ƙarar tsiya. Rago ya firgita, ya ja baya, ya kai wa bayan kujerar direba karo, gwaram!

Duk abin da Gwamna ya koyar a makon nan ya bi iska. Abin da jiki ya saba tun ƙuruciya shi ya dawo. Jatau ya runtse ido, ya rungumo sitiyari yana ja zuwa ƙirjinsa, ya toƙare ƙafa iya ƙarfinsa, ya kwarara ihu: "Hoo! Hoo, Ango!"

Ƙafar kuwa a kan wuta ta sauka.

Mota ta yi kuka ta bar hanya. Ta bi ta kan fangalin ganyen salati, ta tsallake kwatar ban-ruwa, ta yafa tarun da wani masunci ya shanya, ta tafi da shi kamar amarya da mayafi. Inde na salati, goro na tashi sama, Gwamna na ihu, "Birki! Na tsakiya! Ɗauke ƙahwarka!" Jatau na ƙara toƙarewa yana "Hoo!" Masu sayen kifi suka watse. Sai ji kake fanjam! Ruwa ya tashi, tsuntsayen bakin tabki suka tashi tare da shi, inji ya yi tari ya yi shiru.

Jatau na nan rungume da sitiyari, ido a rufe gam. Can ya ce da ƙaramar murya, "Gwamna, mun iso?"

"Mun iso. Buɗe ido ka gaida surukanka."

Ya buɗe ido ɗaya. Wani masunci ne kwance a kan gorarsa, yana shawagi daidai taga, yana kallonsa.

"Ina kwana, Baba Jatau."

Ruwan bai yi zurfi ba, iyakarsa cinya, amma tayoyi sun nutse cikin laka. Gwamna ya fita ta taga, ya haye rufi inda rago ya riga shi bayan ya tsinke igiya, ya buɗe murya yadda har na kan katangar gari za su ji: "Jama'a, ku zo ku ji! Idonshi ruhe! Tun daga gangara idonshi ruhe shika tuƙi! Kuma Ango shika kira!"

Bakin tabki ya cika maƙil. Dariya har da masu faɗuwa ƙasa. Hasiya, da ta zo sayen kifi, ta riƙe ciki tana cewa yau ta yafe barkononta. Jatau ya fito yana ɗigar ruwa, taru a wuya, ya gyara hula.

"Wanke ta na zo yi," in ji shi. "A shiga taron suna da mota duk ƙura?"

Wayar Inde ta yi ƙara cikin lufaya. Ta saurara, ta kashe, ta leƙo ta taga. "Malam, gidan su Bilki ne. Sun ce liman ya zamna, an wasa wuƙa, mutane sun cika ƙohwar gida. Rago suka jira."

Nan dariya ta ragu, don kowa ya san girman abin. An hana mutum sayen rago, rana ta fito, ga ragon can a tsakiyar tabki. Samari suka tuɓe riguna suka shiga turi. Suka tura gaba, ta ƙara nutsewa. Suka tura baya, laka ta tsotse takalmansu. Aka ce a sauko da rago a kai shi bisa babur, rago ya kafa ƙaho ya ce wanda ya isa ya matso. Mai kamiyo kuwa tuni ya yi gaba abinsa.

Jatau ya tsaya cikin ruwa, ya dubi rana, ya dubi Inde. Karo na farko a tarihin Madarumfa aka ga bakinsa a buɗe babu magana. Kunya ta rufe shi, har ya ba mu tausayi.

"Tsoronta nika ji," ya ce a ƙarshe. "Tun ina yaro."

"Ai mun gani, Baba," in ji masuncin nan na kan gora.

Sai Jatau ya karkata kai. Daga can kan hanya wani ƙiiƙii ke tasowa, kukan ƙafar amalanken da ya shekara yana cewa gobe zai sa mata mai. Isa dillali ne ya biyo hanyar zai kai shanun da amalanken kasuwa. Jatau ya kaɗa harshe, irin kaɗawar nan tasa.

Ango ya ɗaga kunne. Ɗan Tauri ya yi huci. Suka bar hanya suka gangaro, Isa na jan igiya baya yana "Hoo! Hoo!", su kuwa ko a jikinsu, don ba muryar ba ce. Sai da suka zo bakin ruwa suka tsaya gaban ubangidansu.

Wanda bai ga Jatau a wannan safiya ba bai san shi ba. Rawar jiki ta tafi, surutu ya tafi. Ya kwance amalanke, ya bar musu karkiya a wuya, ya karɓi igiyar jan jirgi wajen masunta, ya nutsa hannu cikin laka ya ɗaure ta a ƙarfen bayan mota. Ya ce samari su koma gefe. Ya ce Gwamna ya sauko ya cire bitas ya miƙe tayoyi, Gwamna ya bi umarni ba gardama. Sa'an nan ya dafa wuyan Ango ya yi masa raɗa, ya kaɗa harshe. Bijimai suka sunkuyar da kai, suka kafa kofato. Laka ta yi wani irin tsotso, ta saki. Mota ta fito tana zubar da ruwa ta kowace kafa, da ƴan tarwaɗa biyu suna wutsil-wutsil a bayanta.

Aka yi kabbara. Gwamna ya murɗa makulli, inji ya ce shi kam ya sha ya ƙoshi.

"Bar shi," in ji Jatau. Ya mayar da igiya gaban mota, ya ɗaura bijimai, ya haye kan murfin inji ya harɗe, ya toƙare ƙafa a ƙarfen gaba. Ya waiwayi Gwamna ta gilashi. "Kai riƙe wannan abin wasan naka, kar ka taɓa komi. Yau za ka ga tuƙi."

Haka suka shiga ƙauyen surukai da hantsi. Ango da Ɗan Tauri a gaba suna taku, Jatau a kan murfi da laka har gemu, Inde a kujerar gaba tana matse lufaya, rago tsaye bisa rufi kamar shi ne angon, rabin Madarumfa na biye a ƙasa. Duk wanda suka wuce, Jatau ya saki igiya ya ɗaga hannu biyu ya gaishe shi, babu abin da ya faru.

Malam Musa ya taso daga tabarma ya tarbe su. Bayan an gaisa ya ce, "Malam Jatau, sannu da hanya. Wagga wace irin mota ce?"

"Sabon yayi ne, daga Kwatano," in ji Jatau yana saukowa. "Ba ta shan man isansi, sai harawa. Na ce zan kawo rago cikin mota, da hannuna, Inde na gaba. Gwamna, akwai wanda ban cika ba?"

Gwamna ya buɗe baki, ya duba, ya ga babu. "Ka cika, bawana. Sai dai rago bisa mota ya zo, ba ciki ba."

"Shi ya zaɓi wurinshi."

Aka yanka rago, aka raɗa wa yaro suna, aka raba goron da ya tsira. Ana cikin cin tuwo sai ga Isa dillali ya iso yana haki, ya ce kasuwa na ci, a ba shi shanu ya wuce.

Jatau ya ajiye loma ya dube shi sama da ƙasa. "Isa, shekarunka nawa kana dillanci? Ka taɓa ganin wanda ya saida injin motarshi?"

Da la'asar suka kamo hanyar gida yadda suka zo. Ba su kai gangarar tabki ba Gwamna ya hango ta gilashi kan Jatau na rangaji. Can ya kishingiɗa a kan murfi, ya ja hula ya rufe fuska, munshari ya tashi.

Gwamna ya zuro kai ta taga zai yi ihu. "Ga shi nan ya sake ruhe ido!"

Inde ta ja hannun rigarsa ta zaunar da shi.

"Ƙyale shi ya yi barcinshi," in ji ta. "Yanzu masu gani na gaba."